Dogonyaron Mina

Ni Sallau mai lambu, amanar mutum ɗaya na ci a duniya, kuma shi ne wanda ya fi kowa yarda da ni. Mutumin Indiya ne. Eh, Indiya, a nan Matameye. Ka daina zare mini ido, ka bari in gaya maka.

Shekarar da ya zo, hamsin da ɗaya a lissafin Nasara, gari ya rasa inda zai ajiye shi. Ba Bature ba ne, don ya fi ni baƙi. Ba namu ba ne, don gashinsa a kwance yake luf, kuma Faransanci a bakinsa ya fi na kumandan, Baturen mulkinmu, daɗi. Ashe Faransa na da wani ɗan yanki a ƙasarsu, bakin teku, daga nan take ɗebo masu ilimi tana rarraba su cikin birorinta, wato ofisoshin mulkinta. Mushe Sinnaya sunansa. Duk wata takarda da za ta shiga biro ko ta fita, sai ta bi ta hannunsa. Ya yi Dakar, ya yi Damagaram, kafin a jefo shi nan. Shekara goma sha takwas yana aikin gwamnati, bai taɓa makara ba, bai taɓa cewa a'a ba.

Abin da ya haɗa mu ciki ne. Mutumin ba ya cin nama, ko na kaza. Ranar da ya sauka Sarkin Fawa ya aika masa da cinya guda, ya mayar da ita da godiya, mahauta suka yi wata guda suna tsine masa. To ni ga lambu. Kuɓewa, yalo, albasa, alayyahu, ni ke kai masa kowace safiya. Barkono kuwa, tabɗi! Abin da gidana ke ci a mako, su a tukunya ɗaya suke zubawa.

Matarsa Madam Walli, wata siririya mai kunya, ba ta cika magana ba. Sai 'yarsu Minacci, mai shekara biyar. Matata Habsatu ta ce ita harshenta ba zai iya wannan suna ba, Mina za ta riƙa cewa, haka kuwa ya bi ta. Cikin wata uku yarinyar ta fi ubanta Hausa nesa ba kusa ba, har gyara masa take. Mu 'ya'yanmu duk maza ne, sai Habsatu ta samu 'ya. Kullum Mina na gidanmu, tana tsoma hannu cikin miyar kuka, Habsatu na fama da yi mata kitso, gashin na warwarewa kafin la'asar.

Bazarar shekara ta biyu sanƙarau ya shigo gari. Da safe Mina ta tashi da zazzaɓi, a ranar kuma kumandan zai fita rangadi wajajen Dawce, da shi da Mushe Sinnaya, cikin mota ɗaya tak da ke garin. Suka tafi. Kafin azahar wuyan yarinya ya sandare. Madam ta zo gidanmu a guje babu takalmi. Muka yi na gida, muka yi rubutu, na aika mai doki ya bi sawun mota. Kwana biyu kafin su dawo. Mushe ya tarar da ita da sauran numfashi, ta cika a hannunsa da hantsi.

Sai maganar inda za a sa ta. Ya ce su babba suke ƙonawa, yaro binne shi ake yi. Liman ya ce maƙabarta ta Musulmi ce, kuma ban ga laifinsa ba. Ta Turawa tana Damagaram, ga zafi kamar wuta, gawa ba za ta kai ba. Mutumin na tsaye ƙofar gida da farin wandonsa na biro, yana duban wannan yana duban wancan, kowa ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci. Na ce, "Mushe, ina da gona a hanyar Tsauni. Ƙasa ce dai. Taho."

Habsatu ta yi mata wanka. Ni da yayana Ɗanjuma, wanda gonarsa ke manne da tawa, muka haƙa kabarin a kusurwar gabas. Da mako ya zagayo Mushe ya zo da ɗan dashen dogonyaro daga cikin waɗanda ake renon su a bayan biro. Ya ce wannan itace daga ƙasarsu aka kawo shi, a can kowace ƙofar gida akwai shi. Ya dasa da hannunsa a wajen kanta, ya ɗaura masa wani ƙyalle rawaya.

A nan ne ya faɗa mini abin da ke cinsa, da gurguwar Hausarsa. Na ce masa ai kumandan ne ya hana shi zama, ba yin kansa ba ne. Ya girgiza kai.

"Bai hana ba, Sallau. Ban tambaya ba. Na taɓa goshinta, na ji zafi, na ɗauki jaka na fita. Ko tambaya ban yi ba."

Na ci gaba da zuba wa dashen ruwa.

Shekara biyu ya ƙara a nan, kowace Lahadi shi da Madam suna bisa hanyar Tsauni da tulu. A hamsin da huɗu aka ce yankin nasu zai fita hannun Faransa ya koma cikin Indiya. Aka ba shi zaɓi, ya ci gaba da aiki ko ya tafi gida. Ya ajiye aikin. Ranar da za su hau mota muka je gonar tare, itacen ya riga ya wuce kaina. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Sallau, amana."

Kalmar ta zauna daidai a bakinsa, ashe ya daɗe yana koyonta. Ya ce ba ya neman in yi mata komai, itacen dai kada ya mutu, don ta haka za a san inda take. Na ce, "Haba Mushe! Muddin ina numfashi, ba mai taɓa shi." Har da wallahi na haɗa, ba wanda ya sa ni.

Wasiƙa ta riƙa zuwa sau biyu a shekara. Malam Alasan na lakwal, makarantar boko, ke karanta mini, shi ke rubuta amsa. A ciki na ji wai Mushe ya shiga siyasa. Na yi dariya har da riƙe ciki. Mutumin da ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi, shi ne zai hau bisa amalanke yana yi wa kasuwa ihu? Amma da gaske yake. Ya tsaya zaɓen majalisar garinsu, ya sha ƙasa, ya ce zai sake tsayawa. Magana ɗaya yake yawo da ita ƙauye ƙauye: kada a sake samun yaron da zai mutu don mota ɗaya ce a gari kuma babba ya tafi da ita. Kowace wasiƙa da tambaya ɗaya take ƙarewa, ina itace ya kai.

To, itace ya kai inda ya zama fitina.

Dogonyaro ba ya wasa da girma. Cikin shekara biyar ya yi rassa, ya zama shi kaɗai ne dogon abu a wannan jigawa. Da gero ya fara ido sai tsuntsayen jan baki su taso garke garke, su sauka a kansa, su huta, su faɗa gonar Ɗanjuma. Damina biyu yana yini da gwangwani a hannu yana korarsu, zangarniya rabi ƙaiƙayi. Ya zo ya same ni, ya ce, "Sallau, 'ya'yana za su ci hatsi ko inuwa za su ci?" Na ba shi haƙuri, na ba shi dami biyar.

Wannan da sauƙi. Abin da ya karya ni bakin mutane ne. Habsatu ba ta fasa kai wa itacen ruwa da rani ba, kuma duk lokacin da ƙyallen ya tsufa sai ta ɗaura sabo, don ta ga uwar na yi. Shi ke nan magana ta tashi, wai Sallau ya buɗe wurin tsafi a gona, wai matan da ba su haihuwa sun fara zuwa a ɓoye. Ƙarya ce tsagwaronta. Amma ranar wata Juma'a na shiga sahu, wanda ke damana ya ja ƙafarsa ya matsa. Ni, da ubana ya yi ladanci shekara talatin a garin nan! Na dawo gida.

Na zauna na yi wa kaina huɗuba mai kyau. Na ce mu wa muke sa wa alama? Ubana da ya haife ni, in ka ce in nuna maka kabarinsa yau, ba zan iya ba, kuma ba a ce na ƙi shi ba. Ƙasa ta karɓi nata, magana ta ƙare. Mutumin kuma yana bayan teku, ba zai dawo ba har abada. Ka ji yadda mutum ke yi wa kansa daɗin baki in ya riga ya yanke abin da zai yi.

Bazarar hamsin da bakwai na ɗauki gatari. Ɗanjuma ya taya ni. Muka kayar da shi, muka tara kara bisa kututturen muka cinna wuta, ya kwana biyu yana ci har ya shige ƙasa. Habsatu ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi. Ta dube ni kawai ta ce, "Malam, ka kyauta," ta shiga ɗaki. Tun daga ranar ba ta sake taka gonar ba. Ni ma kusurwar gabas na daina zuwa, in noma ya zo sai in sa 'yan gayya su yi can, ni in tsaya yamma. Aka yi kunya aka shuka gyaɗa, da rani Fulani suka zauna da shanu, iska ta kwashe rairayi daga nan ta zuba can. Wuri ya zama ɗaya.

Wasiƙar da ta biyo baya ta tambayi itace. Na ce wa Malam Alasan ya rubuta yana nan lafiya. Malam baƙo ne a garin, bai san komai ba, ya rubuta.

Sai ranin hamsin da takwas. Malam ya buɗe wasiƙa, ya karanta a zuci, na ga fuskarsa ta canja. Madam Walli ba ta da lafiya, likitoci sun ce sai dai haƙuri. Abu ɗaya take roƙo: a aiko mata da ƙasa cikin tafin hannu ɗaya daga kabarin 'yarta, da ganyen itacen ko bakwai ne. In ta mutu za a haɗa ƙasar da tokarta a zuba a teku, ta yadda ita da Mina za su tafi tare. Mushe ya ƙara da cewa, "Na san ba sai na roƙe ka sau biyu ba."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na tafi gona da rana tsaka. Na tsaya inda nake zaton nan ne, na duba gabas na duba yamma, ba komai sai rairayi da kashin shanu. Na auna taki daga iyakar Ɗanjuma, na tuna iyakar ma mun matsar da ita bara. Na tona nan, na tona can, ko gawayi ban gani ba. Na kira Ɗanjuma, ya nuna wani wuri, ya sake nuna wani, ya ce shi fa ba zai rantse ba. Na koma gida na durƙusa wa Habsatu, abin da ban taɓa yi ba.

"Ke kin fi kowa zuwa. Taho ki nuna mini."

Ta ce, "Da itacen nake ganewa, Malam. Kai ka san inda ka kai shi."

Abin da ya kamata in yi a fili yake, yaro ma ya sani: in je in ce wa Malam Alasan rubuta, na sare, na ƙone, wurin ya ɓace mini. Amma na tuna matar tana kwance tana jiran gidan waya. Na ce in na faɗi gaskiya na kashe ta tun kwananta bai ƙare ba. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce kunya nake ji, ba na so mutumin da ya kama hannuna da hannu biyu ya san ko ni wane ne.

Na koma na zaɓi wuri mai ɗan tudu, na ce Allah ya sa nan ne, na ɗebi ƙasa. Ganye kuwa, na bi ta gaban biro na tsinko daga dogonyaron da ke bakin hanya. Na zuba cikin gwangwanin shayi, baduku ya ɗinke shi cikin jar fata. Malam ya ce me za a rubuta. Bakina ya buɗe kamar ba nawa ba. Na ce itace ya fi soron kumandan tsawo, na ce masu wucewa Tsauni na hutawa a inuwarsa, na ce tsuntsaye na kuka a kansa da safe. Wannan na ƙarshen ne kaɗai ya taɓa zama gaskiya. Malam har yana cewa, "Kai, Baba Sallau, Allah ya ba mu irinku."

Bayan wata biyar amsa ta zo. Gwangwani ya isa kwana tara kafin rasuwar Madam. Madam ta sa an buɗe mata, ta shinshina ƙasar, ta ce ta ji ƙamshin Matameye, ta sa a ƙarƙashin matashinta. Ba ta sake kuka ba har ta cika. An yi yadda ta ce, shi da kansa ya shiga ruwa har ƙugu ya zuba.

Ban ci tuwo ba ranar. Amma ka san hali, na ce wa zuciyata wa ya sani, wataƙila ma na dace, gonar ai ba ta da faɗin da za a ce na yi nisa.

Bana da damina na ce ba gayya, ni zan nome gabas da hannuna. Ina cikin noman fari sai hauyata ta tsaya a kan wani ɗan tsiro mai ganye kamar bakin zarto. Na durƙusa. Na murza ganyen na sa a harshe, ɗaci ya gauraye mini baki. Na tona gefensa da yatsa, ga baƙin kututture a ƙasa, ga tsofaffin sara biyu a jikin saiwar. Ashe kowace damina yana fitowa, 'yan gayya na sare shi tare da ciyawa. Da na zo da kaina ko sau ɗaya, da na gani.

Na miƙe na auna zuwa tudun da na ɗebi ƙasa. Taki arba'in da uku. Kuma da na tsaya a kan tudun na gane shi sarai, na gane abin da ya sa ya yi tudu. Nan nake kafa turken jakina da rani.

Abin da matar nan ta shinshina ke nan. Abin da ta kwana tara da shi ƙarƙashin kanta, abin da aka gauraya da tokarta. Ita ta tafi teku da ƙasar turken jaki, Mina kuma tana nan kwance ita kaɗai, ina shuka gyaɗa a kanta. Na zauna cikin kunya na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da ubana ya mutu.

Na je na gaya wa Habsatu. Ta ɗauki tulu ta aza a ka, ga ruwan sama ko'ina, ƙasa jiƙe sharkaf, amma sai da ta kai ta zuba. Ni na saro ƙaya na kewaye shi. Ɗanjuma ya leƙo ta iyaka ya ce, "Af, abin nan ya dawo?" Na ce, "Ya dawo, Yaya. In jan baki sun ci maka, ka zo rumbuna ka ɗiba. Amma duk wanda ya kawo ƙarfe kusa da shi, da ni zai fara." Masu matsawa a sahu kuma su matsa har bango.

Makon jiya wata wasiƙar ta zo, mai kauri. Mushe Sinnaya ya ci zaɓe, ya zama depite, wato ɗan majalisa. Ga hotonsa, ya yi furfura, an rataya masa furanni har ba a ganin wuyansa. Ya ce a ƙasarsu Musulmi da mutanensa ba su cika jituwa ba, shi kuwa duk inda ya tsaya yin magana sai ya ba su labarina: wani manomi Musulmi a ƙasar baƙar fata, da ya ba 'yarsa wurin kwanciya ranar da kowa ya sunkuyar da kai, yake kuma tsaron kabarinta shekara bakwai ba don an ba shi komai ba. Ya ce ya ga manyan mutane na share hawaye. Ya ce unguwannin Musulmi sun zuba masa ƙuri'a saboda ni. Wai akwai mutane a bayan teku da suka san sunan Sallau, suna sa masa albarka.

Malam Alasan na karantawa yana murmushi, ni kuwa kamar ana zuba mini garwashi a riga. A ƙarshe, kamar kullum, tambayar nan. Ya ce da Mina na raye da bana ta shekara goma sha uku, yana so ya san ina itacenta ya kai.

Malam ya gyara takarda, ya tsoma alƙalami. Muka yi gaisuwa, muka yi barka da cin zaɓe, muka gaida mutanen gida. Sai ya ɗaga kai.

"To, Baba, itace fa? Bara mun ce ya fi soron kumandan. Bana sai mu ce me?"

Na san abin da zai biyo bayan wannan layi, sai na faɗi gatari, da wuta, da gwangwani, da turke, ɗaya bayan ɗaya, kuma mutumin zai karanta shi kaɗai, ba matar da zai juya ya gaya wa.

Na ce, "Rubuta ya kai gwiwata."

Malam ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina.

"Gwiwa, Baba?"

"Gwiwa. Rubuta, kuma ka ɗauko wata takardar, wannan ba za ta isa ba."